Ganuwar Kano da Makaman Ingilishi

A shekarar 1824, sa'ad da Kyaftin Clapperton ya shigo Kano, bindigar sojan Ingila ba ta yi wa ta 'yan bindigar sarakunanmu nisa ba: ta baki ake ɗura mata albarushi, ƙanƙara ke ba ta wuta, gwani ya harba sau uku a minti guda. Bambancin daga baya ya faru. A 1871 suka koma ga Martini-Henry, wadda ake sa wa harsashi ta gindi, sa'an nan a 1884 Hiram Maxim ya ƙera bindiga mai aman harsashi kimanin 600 a minti.

Da irin wannan guda huɗu, da igwa huɗu, Kanar Morland ya tsaya wa birnin ran 3 ga Fabrairu, 1903, Sarki Alu kuwa ya tafi Sakkwato. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, ganuwar ba ta ba da kunya ba. Ƙasa ce mai kauri, harsashin igwa nutsewa ya riƙa yi cikinta. Da Dukawuya ta gagara, sai suka zagaya Kabuga, suka karya ƙyauren ƙofar, suka shiga.