Na'urar neman zinariya da batirin da ba a buɗewa

Da damanar bara wani tsohon ɗalibina ya kawo mini na'urarsa ta neman zinariya nan Dakoro, naɗe cikin tsumma, ya ce: "Malam, ku duba mini, tunda ku kuka koya mana darasin lantarki." Ta ƙi kamawa. Bijimai biyu mahaifinsa ya sayar aka saye ta a Agadas, kuma ko sunan kirki babu a jikinta. Na juya ta gaba da baya ina neman ƙofar batir, babu. A liƙe take ruf. Wannan ya sa na bi sawun tarihinta.

Ba don zinariya aka fara ƙera ta ba. A 1881 aka harbi shugaban Amurka James Garfield, sai Alexander Graham Bell, mai wayar tarho, ya haɗa wata na'ura don gano harsashin a jikinsa. Ba a dace ba, kuma ana ɗora wani ɓangare na laifin a kan ƙarafan gadon da yake kwance. A 1941 wani hafsan sojan Polan, Józef Kosacki, ya ƙera ta gano nakiyoyi, sojojin Ingila suka yi aiki da ita a El Alamein ta ƙasar Masar a 1942. Nauyinta ya kai wajen kilo 14. Sai ƙato.

Abin da ya sauke wannan nauyi shi ne taransisto, irin na rediyon iyayenmu, daga baya kuma batirin litiyom da kamfanin Sony ya fito da shi kasuwa a 1991. Da na'ura ta zama abin da matashi zai rataya ya yini yana yawo, sai ta shiga hamada: Sudan, Cadi, sannan Jado a watan Afrilun 2014, Cibarakaten kuma a wannan shekarar. Mu malamai mun ga abin a rajistar kiran suna kafin mu ji shi a rediyo; benci ya riƙa yin giɓi. Gwamnati ta rufe Jado a 2017, amma tafiya ba ta tsaya ba.

Manyan na'urorin farkon wancan zamani batirinsu daban yake, ana ɗaura shi a jiki da ɗamara, waya ta haɗa su. In ya mutu sai a sake wani. Daga baya salo ya canza. A 2018 kamfanin Minelab na Ostareliya ya baza samfurin Equinox, mai batir a ciki, ana yi masa caji kamar wayar hannu, kuma yana jure nutso har mita 3. Wasu masu ƙira suka bi wannan hanya. Dalilin a fili yake: kowace ƙofa kafa ce ta ruwa, in an rage ƙofofi an rage ɓarna. Masu neman tsabar kuɗi da zobba a bakin teku aka yi wa wannan gata. Mu kuwa ina ruwan a Kawar? Sai dai zoben robar da ke tare ruwa yana tare ƙura, wannan kam riba ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne zafi. Litiyom ba ya shiri da rana. A bar shi cikin mota ko bisa rairayi a zafin da ya haura digiri 45, ya tsufa da wuri, wani lokaci har ya kumbura. Robar ma takan bushe ta tsage. Dillali ba ya faɗa wa uba wannan ranar ciniki, uba kuma bai san ya tambaya ko ana samun batirin canji ba, da wanda zai sa shi.

Mun kai ta wurin mai gyaran waya a kasuwa. Ya ɓamɓare ta da wuƙa, muka tarar batirin ya kumbura kamar fanke. Ya sa mata na wata tsohuwar waya, ta kama, ta yi ƙara a kan dala da na jefa ƙasa. Murfin dai bai koma yadda yake ba, da robar tayar keke aka ɗaure shi. Bayan sati biyu yaron ya hau mota ya koma arewa da ita, ƙanensa da ke ajina kuma ya fara tambayata kuɗin mota zuwa Agadas.