Takardun tsallaka iyaka: abin da mai neman abinci a ƙasar maƙwabta ya kamata ya sani

Hausawa da yawa suna cin abinci a ƙasar da ba ita ta ba su katin ɗan ƙasa ba: direbobin manyan motoci, 'yan ci-rani, mahauta, fatake, masu shayi, makiyaya da magina. Wasu kullum suke tsallakawa tsakanin Illela da Birnin Konni ko tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, wasu kuma sai sun shekara a Akara, Kwatano ko Duwala kafin su leƙo gida. Akasarin waɗanda ke shiga matsala a bakin iyaka suna da 'yancin shiga ƙasar. Abin da ke kayar da su shi ne takarda: wadda wa'adinta ya ƙare, hatimin da ba a buga ba, suna da ya saɓa, ko kwana 90 da suka wuce ba a sabunta izini ba.

Wace ƙa'ida ce ke aiki a iyakarka?

A Afirka ta Yamma, tushen zirga-zirga ba tare da biza ba shi ne yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS, wato CEDEAO, da aka sa wa hannu a Dakar a watan Mayun 1979. Ta kasa lamarin gida uku: 'yancin shiga, 'yancin zama, da 'yancin kafa sana'a. An ƙara yarjejeniyar zama a 1986, ta kafa sana'a kuma a 1990.

Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata, mambobi suka koma 12. A ranar ce ECOWAS ta umarci ƙasashenta da su ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarin ƙungiyar daga hannun 'yan ƙasashen uku, su kuma bar su su shiga ba biza, har sai an fitar da wata sanarwa. Ƙawancen AES shi ma ya sanar a Disambar 2024 cewa 'yan ECOWAS za su shiga ƙasashensa ba biza, amma kowace ƙasa tana da ikon hana wanda dokarta ba ta amince da shi ba. Ma'anar wannan ita ce abin da a da yarjejeniya ce ta kare shi, yanzu sanarwa ce ke riƙe da shi, kuma sanarwa tana iya sauyawa. Har wa yau, a Janairun 2025 Nijar ta fitar da sabuwar doka kan shiga da zaman baƙi, wadda ta tanadi ɗauri da tara ga masu karya ta.

Ƙasashen uku suna nan cikin UEMOA, ƙungiyar masu amfani da kuɗin sefa ta yamma, tare da Benin, Togo, Kodebuwa, Senegal da Gine Bisau. Yarjejeniyarta ita ma ta amince da 'yancin zirga-zirga da zama, don haka ɗan Nijar da ke aiki a Kwatano ko Lome yana da wannan madogara ta biyu.

Kamaru da Cadi kuwa ba sa cikin ECOWAS. Suna cikin CEMAC tare da Gabon, Kwango, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, waɗanda suka kammala soke biza a tsakaninsu a 2017. Ɗan Garwa da zai tsallaka gadar Ngeli daga Kuseri zuwa Njamena yana ƙarƙashin ƙa'idar CEMAC. Wanda ya fito daga Maiduguri ko Damagaram zuwa Kamaru kuma, yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasarsa da Kamaru ce ke yanke masa hukunci, don haka ofishin jakadancin Kamaru ne wurin tambaya kafin a hau mota.

Shiga daban, zama da aiki daban

Yarjejeniyar 1979 ta bai wa ɗan ƙasar ƙungiyar damar zama har kwana 90 ba biza, muddin ya shiga ta ƙofar hukuma, yana riƙe da takardar tafiya mai aiki da shaidar rigakafi. Wanda zai wuce haka sai ya nemi ƙarin izini daga hukumar shige da fice. A Najeriya akwai katin zama na 'yan ECOWAS da hukumar ke bayarwa. A ƙasashe masu Faransanci ana kiran irinsa carte de séjour ko permis de séjour. A Gana, baƙon da ya daɗe yana buƙatar izinin zama tare da katin shaida na waɗanda ba 'yan ƙasa ba.

Izinin zama ba ya buɗe kowace sana'a. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a kasuwa da talla, kuma a kanta aka sha rufe shagunan baƙi a Akara da Kumasi. Bahaushen zango da aka haifa ɗan Gana ba ta shafe shi ba, amma ɗan'uwansa da ya zo daga Sakkwato ko Tawa ta shafe shi, ko da rumfa ɗaya suke zaune.

Tarihi ya nuna abin da zama ba takarda ke jawowa idan iska ta juya. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa izini mako biyu su fice, a Janairun 1983 kuma gwamnatin Shagari ta yi irin haka a Najeriya. A duka biyun, mutanen da suka yi shekaru suna zaune lafiya ne suka bar gidaje da dukiya.

Takardun da ake tambaya

- Fasfo, ko takardar tafiya ta ECOWAS, ko katin ɗan ƙasa na zamani mai hoton yatsu a inda ake karɓarsa. Ba kowane kati ne kowace iyaka ke karɓa ba. Fasfo ya fi kowanne ƙarfi.
- Katin rigakafin shawara, wanda aka fi sani da katin ɗorawa saboda launinsa. Tun watan Yulin 2016 ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don haka kati na gaskiya ba ya ƙarewa bayan shekara 10 kamar da.
- Ga direba: lasisin tuƙi, takardar mallakar mota, takardar kwastan ta shigar da mota na ɗan lokaci, da inshorar ƙetare ta ECOWAS da ake kira carte brune. Yarjejeniyar 1979 ta ba motar gida kwana 90, motar haya mai ɗaukar fasinja kuma kwana 15.
- Ga makiyayi: takardar ƙetarawa da dabbobi da ECOWAS ta tsara a 1998, mai nuna yawan garke, rigakafinsu da hanyar da za a bi.
- Ga mai tafiya da yaron da ba nasa ba, kamar almajiri ko ɗan koyon sana'a: takardar haihuwar yaron da izinin iyaye a rubuce, mai hatimin hukuma. Rashinsu kan sa a zargi mutum da safarar yara.

Inda aka fi samun cikas

Na farko shi ne hatimin shiga. Wanda ya bi ta barauniyar hanya a kan babur, ko ya ba da na goro aka ɗaga masa hannu ba a buga masa hatimi ba, ba shi da shaidar ranar da ya shigo. Idan aka tare shi a cikin gari, ba zai iya nuna cewa kwanakinsa 90 ba su cika ba.

Na biyu shi ne rubutun suna. Mutum ɗaya kan zama Ousmane Mahamadou a katin Nijar, ya zama Usman Muhammad a takardar aikinsa ta Kano. Aboubacar da Abubakar, Issoufou da Yusuf, duk suna ɗaya ne a kunne, amma a kwamfutar jami'i mutum biyu ne. Haka ma ranar haihuwa: wanda ba a yi masa rajista da wuri ba akan rubuta masa 1 ga Janairu, wata takardar kuma ta ɗauki wata rana. Gyaran wannan aikin kotu ne ko ofishin rajistar haihuwa: a ƙasashe masu Faransanci ta hanyar hukuncin da ake kira jugement supplétif ko na gyaran takarda, a Najeriya da Gana kuma akan fara da rantsuwa a kotu. Goge takarda da hannu laifi ne.

Na uku shi ne mallakar katin ƙasashe biyu da bayanai mabambanta. Iyalai da yawa na bakin iyaka suna da haƙƙi a ɓangarori biyu ta wajen uwa ko uba, amma kowace ƙasa da dokarta kan zama ɗan ƙasa biyu, kuma Kamaru ba ta amince da shi ga manya ba. Wannan tambaya ce ta lauya kafin a nemi kati na biyu.

Na huɗu shi ne rufe iyaka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Wanda rufewa ta rutsa da shi a waje, izininsa na ci gaba da ƙarewa, sai ya je da kansa ya nemi ƙari.

Idan an hana ka shiga ko an tsare ka

Jami'i yana da ikon hana mutum shiga bisa dokar ƙasarsa. Ka tambayi dalili cikin ladabi, ka riƙe sunan ofishin, rana da lokaci. Duk kuɗin da aka ce na hukuma ne, ka nemi rasit. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a fassara maka ba. Yarjejeniyar Viyana ta 1963 ta bai wa baƙon da aka tsare 'yancin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa idan ya nema. Ƙa'idojin ECOWAS kuma sun ce dole a sanar da wanda za a kora da gwamnatinsa, a kare dukiyarsa, sun kuma hana korar jama'a a dunƙule ba tare da duba lamarin kowa ba.

Inda ake samun shawarar doka

Ɗan kamasho da ke zaune a bakin ofis ba lauya ba ne, kuma idan takardar da ya kawo ta jabu ce, wanda sunansa ke kai shi ake kamawa. Lauya na gaskiya yana cikin rajistar ƙungiyar lauyoyin ƙasar, ana kuma iya tabbatar da sunansa a can. A nemi lauyan ƙasar da matsalar ta faru, domin dokarta ce za a yi aiki da ita.

Ga marasa hali akwai hukumomin agajin shari'a: Legal Aid Council a Najeriya, ANAJJ a Nijar, Legal Aid Commission a Gana. Hukumomin kare haƙƙin ɗan Adam na ƙasa suna karɓar koke kan cin zarafi ko karɓar kuɗi ba bisa ƙa'ida ba. Ofishin jakadanci, kamar ƙaramin ofishin Nijar da ke Kano ko na Najeriya da ke Duwala, yana yi wa 'yan ƙasarsa rajista, yana kuma ba wanda fasfonsa ya ɓata takardar komawa gida. Tun 2005 kotun ECOWAS da ke Abuja tana sauraron ƙarar ɗaiɗaikun mutane kan take haƙƙi da ƙasa mamba ta yi. Sarkin zango da shugabannin ƙungiyoyin direbobi ko 'yan kasuwa suna taimakawa wajen sasanci da nuna hanya, sai dai maganarsu ba ta maye gurbin izinin hukuma.

Mai zuwa wurin lauya ya tafi da fasfo, takardar haihuwa, shaidar aiki ko ta haya, rasit da duk wata takarda da jami'ai suka ba shi, ya kuma faɗi gaskiyar ranar da ya shigo da hanyar da ya bi. A yi yarjejeniyar kuɗin aiki a rubuce tun farko. Yana da kyau a ajiye hoton kowace takarda a waya, a bar kwafi a wurin iyali. Lokacin da ya fi dacewa a nemi shawara shi ne kafin kwana 90 su cika, lokacin da ƙarin izini ke buƙatar cike takarda da biyan kuɗin hukuma kawai. Bayan sun wuce, magana ta koma ta tara, tsarewa ko kora.