Kuɗin Boye da Makomar Sudan: Zaɓen 1953 da Hausawan Jazira

Gabatarwa

A ranar 12 ga Fabrairu, 1953, Birtaniya da Masar suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta bai wa mutanen Sudan damar zaɓar makomarsu bayan shekara uku: ko dai su haɗe da Masar, ko su tsaya da ƙafafunsu. Saboda haka zaɓen majalisar dokoki na ƙarshen wannan shekara ya zama tamkar ƙuri'ar raba gardama. Abin da mai jefa ƙuri'a bai gani ba shi ne lissafin masu zuba kuɗi a kowane ɓangare. Wannan batu ya shafi Hausawan Jazira da na gaɓar Shuɗin Nilu ta wata fuska da ba a cika lura da ita ba.

Su Wane ne Hausawan Jazira?

Hanyar hajji ta ƙasa ta daɗe tana kai mutanen ƙasar Hausa Sudan. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa, Fulani da Hausawa, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, aka buɗe babban shirin noman auduga na Jazira, wanda ya dogara ƙwarai da ƙwadagon waɗannan baƙi da 'yan ƙasa ke yi wa kuɗin goro da sunan Fallata. Mafi yawansu ba su sami gonar haya ba. Sun zauna a ƙauyukan 'yan ƙwadago da ake kira kambo, suna shuka da tsinkar auduga.

Hannayen da Suka Ba da Kuɗi

Manyan ɓangarori biyu ne suka kara. Jam'iyyar masu son haɗewa da Masar tana ƙarƙashin Isma'il al-Azhari, da goyon bayan Sayyid Ali al-Mirghani na ɗariƙar Khatmiyya. Jam'iyyar Umma kuwa, mai neman cikakken 'yanci, tana jingine da Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi.

Gwamnatin sojan Masar ta ɗora al'amarin Sudan a wuyan Salah Salim, kuma masana tarihi sun yi ittifaƙi cewa kuɗin Masar sun kwarara zuwa ga masu son haɗewa. Umma ta yi ta kuka a kan haka, Masar kuma ta mayar da martani da cewa jami'an Birtaniya na amfani da sarakunan gargajiya don karkatar da jama'a. Hukumar zaɓe, wadda Sukumar Sen na Indiya ya shugabanta, ta tsare akwati da ƙidaya, amma asusun jam'iyyu ya kasance a rufe ga talaka.

Ita Umma, babban jigon kuɗinta dukiyar Sayyid Abdurrahman ce, wadda ta fito daga gonakin audugarsa na tsibirin Aba a Farin Nilu. Cikin masu noma waɗannan gonaki akwai ɗimbin mabiya daga Afirka ta Yamma, waɗanda suka ɗauki aikin a matsayin hidimar addini. Ke nan gumin Bahaushe da Bafulatani ya shiga cikin kuɗin yaƙin neman zaɓe.

Sai dai dokar 1948 da ta fayyace wane ne ɗan Sudan ta gindaya cewa sai mutum ko kakanninsa na wajen uba sun zauna a ƙasar tun 31 ga Disamba, 1897. Wannan iyaka ta bar jama'ar Mai Wurno da mafi yawan 'yan kambo a waje, domin daga baya suka iso. An ci moriyar ƙwadagonsu, amma ba a nemi ra'ayin da yawansu ba.

Yadda Ta Kaya

Jam'iyyar Azhari ta sami kujera 51 cikin 97, Umma ta tashi da 22. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma a nan askin bai yiwu ba. Bayan an tuɓe Muhammad Najib a Masar a 1954, farin jinin haɗewa ya dusashe, Azhari ya juya wa Alƙahira baya. A watan Agusta na 1955 majalisa ta nemi a yi ƙuri'ar raba gardama, daga bisani aka jingine ta. Ranar 19 ga Disamba majalisar ta ayyana 'yanci da kanta, aka ɗaga tuta ranar 1 ga Janairu, 1956.

Kammalawa

Kuɗin Masar sun taimaka wajen cin zaɓe, ba su sayi makomar ƙasa ba. Duk da haka ɓoye su ya bar zargi, domin kowane ɓangare ya ci gaba da kallon ɗan'uwansa a matsayin ɗan amshin shatan baƙi. Irin wannan zargi ne wasu wurare suke magancewa da doka: a jihar Kalifoniya ta Amurka, dokar 2017 ta wajabta a rubuta sunayen manyan masu ba da kuɗi uku a jikin tallar duk wani ƙudurin da za a jefa wa ƙuri'a. Tarihin Jazira ya ƙara tambaya ta biyu a kan ta wanda ya biya: wane ne ya noma kuɗin, kuma an bar shi ya isa akwati?