Tarihin Saɓani Kan Kayan Rakiyar Babbar Manhaja

Mas'alar nan da ma'abota ilmin kwamfuta suka daɗe suna saɓani a kanta, wato ko ya kamata babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura ta zo wa mai saye tsurarta, ko kuwa ta zo da rakiyar ƙananan manhajoji na rubutu da lissafi da kallo, ta girmi galibin masu jayayya a kanta yau. A zamanin da kwamfuta guda takan cika ɗaki, kamfanin IBM na Amurka ba ya yanka wa manhaja kuɗi dabam; wanda ya yi hayar na'ura sai a haɗa masa da manhajoji da horon ma'aikata, kamar mai sayen doki da aka bar masa sirdi da likkafa. A watan Janairu na 1969 gwamnatin Amurka ta kai kamfanin ƙara bisa zargin danne abokan sana'a, a watan Yuni kuma ya ba da sanarwar raba farashin, abin da ya buɗe wa masu rubuta manhaja ƙofar cin gashin kansu.

A wannan shekara ce Ken Thompson da Dennis Ritchie suka aza harsashin Unix a Bell Labs, inda mazhabar taƙaitawa ta samo asali, cewa kowace manhaja ta tsaya ga aiki ɗaya ta kyautata shi.

Microsoft kuwa wata hanya ya bi, kuma adalci ne a ce da farko akwai maslaha a cikinta. Wasan karta na Solitaire da aka sa cikin Windows 3.0 a 1990, wanda ake ɗauka lagawu ne kawai, shi ya koya wa akawuna da yawa yadda ake danna linzamin kwamfuta a ja kati daga wannan gefe a sake shi a wancan, alhali hannunsu bai saba da kome ba sai keken rubutu. Amma da intanet ta bayyana, manhajar shiga intanet ta Netscape ta mamaye fagen tun daga 1994, sai Microsoft ya ɗinke tasa, Internet Explorer, a jikin Windows 98, yana da'awar cewa in an cire ta tsarin zai lalace. Gwamnatin Amurka ta shigar da ƙara a watan Mayu na 1998, wani malamin jami'ar Princeton, Edward Felten, ya kawo wa kotu hujjar cewa cirewar tana yiwuwa, alƙali Thomas Penfield Jackson kuma ya yi hukunci a 2000 cewa a tsaga kamfanin gida biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ta warware hukuncin tsagawar a 2001, aka ƙare da sulhu, amma kafin nan kasuwar Netscape ta riga ta mutu.

Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar Microsoft Yuro miliyan 497 a 2004, ta kuma wajabta masa fitar da Windows marar Media Player. Da aka fitar da ita a 2005 da sunan XP N, sai masu saye suka juya mata baya, domin babu mai hankalin da zai biya kuɗi ɗaya ya karɓi ragagge.

A nan ne, a ganina, masu tsananta taƙaitawa suke yin kuskure, domin sukan auna jama'a da ma'aunin kansu. Gwanin da ya zaɓi Arch Linux, wadda Judd Vinet ya fara a 2002, yana da ilmi da wadatar intanet da zai tara abin da yake so ɗaya bayan ɗaya. Amma sa'ad da Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya fitar da Ubuntu a 2004, ya cusa manhajar ofis da Firefox cikin faifai guda, yana aika shi ta gidan waya kyauta har zuwa 2011, haƙiƙa ya yi wa ɗalibin da ba shi da kuɗin sauke kome alheri babba. Abin da nake ƙi, kuma nake ganin zalunci ne, shi ne kayan da aka ɗora don amfanin mai sayarwa, aka kuma hana mai na'ura ikon cire su, ko aka ɓoye masa haƙiƙaninsu, irin Superfish da aka tarar a kwamfutocin Lenovo a 2015, wadda saboda cusa tallace-tallace ta raunana sirrin da ke tsakanin mutum da bankinsa.

Rigimar ta bi mutane har cikin wayar hannu, inda Turai ta ci tarar Google Yuro biliyan 4.34 a 2018 saboda sharuɗɗan da ya gindaya wa masu ƙera wayoyin Android. Ita Ubuntu ɗin ma, da zamani ya juya, a 2023 ta mai da taƙaitaccen tsari shi ne na asali, ta bar cikakken ga wanda ya nema a lokacin girkawa.