Dalar da Maginanta Ba Za Su Ga Ƙarshenta Ba

A kudancin ƙasar Jamus, cikin jihar Bavariya, akwai wani ƙaramin gari mai suna Wemding. An fara ambaton sunansa a rubuce a shekara ta 793, saboda haka a 1993 mutanensa suka yi bikin cika shekara 1,200. A wannan biki ne wani mai fasaha ɗan garin, Manfred Laber, ya kawo shawarar da za ta sa jama'a su gane tsawon wannan zamani a zahiri. Ya ce a gina dala a kan tudu a bayan gari, amma a riƙa ajiye tubali ɗaya tak a kowace shekara goma.

Dubi yadda lissafin yake. Kowane tubali na kankare ne, tsayinsa mita 1.8, faɗinsa mita 1.2. Dalar za ta ci tubali 120 a hawa huɗu: 64 a ƙasa, sai 36, sai 16, sai 4 a can ƙoli. An ajiye na farko a 1993, na biyu a 2003, na uku a 2013, na huɗu a 2023. Hawan farko kaɗai ba zai cika ba sai a 2623, tubalin ƙarshe kuwa sai a 3183. Laber ya rasu a 2018, bayan ya ga tubali uku. Jaririn da aka haifa yau a garin, in Allah ya ba shi tsawon rai, da ƙyar zai shaida ajiye takwas ko tara.

Kada ka ɗauka wannan sabon abu ne a wurin mutanen ƙasar. A birnin Kolon, a bakin kogin Rhine, an aza harsashin babbar majami'a ranar 15 ga Agusta, 1248. Masu sassaƙa dutse suka yi ta aiki, uba ya mutu ɗa ya gada, fiye da shekara ɗari biyu. Daga baya kuɗi ya ƙare, himma ta yi sanyi, aiki ya tsaya. Na'urar katako da ake ɗaga duwatsu da ita ta zauna a kan hasumiyar da ba a gama ba har wajen shekara ɗari huɗu, ta zama alamar birnin. Tsara bayan tsara suka yi sujada a cikin ginin da bai kammala ba.

Abu biyu ne suka ceci aikin. Na farko, tsohon zanen fuskar ginin bai hallaka ba: an gano rabinsa a Darmstadt a 1814, ɗaya rabin kuma a Paris a 1816. Na biyu, jama'a sun kafa ƙungiyar tara gudummawa, aka koma bakin aiki a 1842. A 1880 aka gama, shekara 632 bayan aza harsashi, da hasumiya biyu masu tsayin mita 157, bisa tsarin da mutanen da ƙasusuwansu suka daɗe da zama ƙasa suka zana.

Tarihin Kolon shi ne gargaɗi ga Wemding. Igiyar da ta haɗa kakanni da jikoki tana iya tsinkewa, kuma ba yaƙi kaɗai ke tsinka ta ba. Mantuwa ma ta isa. Shi ya sa mutanen Wemding suka kafa gidauniya domin kula da aikin, kuma ranar ajiye tubali takan zama taron gari, yara da manya. Yaron da ya tsaya yana kallo yau, shi ne dattijon da zai ba da labari gobe. An kuma bar wa masu zuwa 'yancin sauya abin da ake yin tubalin da shi, domin ba wanda ya san abin da zai samu a hannunsu.

To, ɗan'uwa, auna kanka da wannan ma'auni. Yawancinmu muna son mu shuka da safe mu girbe da yamma, a kuma rubuta sunanmu a jikin bango. Amma rijiyar da kake sha, da makarantar da ka yi karatu, da ɗakin sujadar da kake zama a ciki, wasu ne suka fara su, da yawansu ba su ci moriyarsu ba. Ba a ce ka gama ginin ba. Abin da ake nema a wurinka shi ne aminci: ka ajiye tubalinka daidai a gurbinsa, ka adana zanen, ka koya wa na bayanka dalilin aikin. A shekara ta 2033 za a ajiye tubali na biyar a Wemding, muddin an sami waɗanda suka tuna.