Tarihin Gano Halittun da ke Samar wa Teku Taki

Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar duniya naitirojin ce, amma tsirrai ba sa iya amfani da ita sai wasu ƙananan halittu sun sarrafa ta. A gona, aikin na ƙwayoyin da ke cikin saiwar wake da gyaɗa ne. Masu yin sa a teku kuwa an daɗe ba a san su ba, ko da yake matuƙa jiragen ruwa sun sha ganinsu.

A 1770 ayarin Kyaftin Cook ya tarar da wani abu kamar garin katako shimfiɗe bisa ruwa a gaɓar Ostireliya. A 1830 masani Bajamushe Ehrenberg ya bayyana irinsa daga Bahar Maliya, ya raɗa masa suna Trichodesmium. Sai a 1961 masani Dugdale da abokan aikinsa suka nuna a Tekun Sargasso cewa tarin wannan halitta na kama naitirojin. Masana da dama sun yi tantama, kuma suna da hujja: iskar oksijin na lalata sinadarin da ke wannan aiki, ga shi Trichodesmium da rana tsaka take yin sa, daidai lokacin da ita kanta ke fitar da oksijin.

Binciken ƙwayoyin gado ya faɗaɗa fagen. A 1998 masani Zehr da abokan aikinsa suka gano alamar wata halittar mai kama naitirojin, UCYN-A, a ruwan Fasifik. A 2024 aka tabbatar cewa wani nau'inta ya zama sashen jikin wata ƙaramar gansakukar teku, Braarudosphaera bigelowii.