Kwamfutar zanen gini: abin dubawa kafin a saya

Ƴan uwanmu da ke Libiya, Aljeriya ko Kano kan aiko wa matasan Tanut da Belbeji kwamfuta don su koyi zanen gida da manhajoji irin su SketchUp da Blender. Sai yaro ya juya ginin a allo, hoton ya riƙa cijewa. Me ke kawo haka?

Katin hoto, wanda masu gyara ke kira kart garafik, shi ke sake zana ginin duk lokacin da aka motsa shi. In bai kai kamar sau 30 a daƙiƙa ba, ido zai ga tsaiko. RAM kuwa ita ke riƙe zanen. Blender, wadda ake samu kyauta, tana neman aƙalla giga 8 na RAM da giga 2 a katin hoto.

Mu a Damargu muna da ƙarin matsala: zafin bazara da ƙurar hunturu. In ƙura ta toshe fanka, na'urar ta yi zafi, sai ta rage gudu da kanta. Haka ma in an ɗauke wuta ta koma kan batir.

To, kafin ku biya kuɗinku, ku tambayi mai shago wane kati ke ciki, kuma giga nawa.